Kifin tekun da manyan jirage suka kwashe, yana dawowa kuwa in aka ɗaga masa ƙafa?

Ummu_Hafsa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah masu ilimin abin ku taimaka min da bayani. Kullum ana cewa kifin teku yana ƙarewa saboda manyan jiragen kamfanoni suna kwasar sa ba ƙaƙƙautawa, har naga hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato FAO, tace a 1974 kashi 10 cikin ɗari ne kawai na tarin kifin teku ake kamawa fiye da ƙima, amma zuwa 2021 abin ya kai kashi 37.7. Toh tambayata biyu ce. Na farko, in an tsayar da kamun a wani yanki kifin yana dawowa yadda yake a da, ko in ya tafi ya tafi kenan? Na biyu kuma wa ke da ikon hana jiragen nan, tunda teku ba katanga gare shi ba balle a sa mai gadi a ƙofa. Abin yana damuna sosai don miliyoyin talakawa a duniya da kifin nan suka dogara.

Baban_Sadiq:
Wa alaikumus salam Hajiya. Amsar tambayarki ta farko ita ce yana dawowa, amma fa ba kullum ba, kuma ya danganta da lokacin da aka tsaya. In aka tsaya da sauran iyaye a ruwa zai dawo, in aka bari sai da aka kwashe iyayen tas toh sai dai a yi ta jira, wani jiran ma har jikoki.

Labarin da duk mai maganar nan yake fara kawowa shine na kifin kod a gaɓar Niyufandland ta Kanada. Wajen shekara ɗari biyar masunta suna kamun kifin nan da ƙugiya da ƙananan jirage bai nuna alamar ƙarewa ba, sai a shekarun 1950 da 1960 manyan jirage suka shigo daga Turai da Tarayyar Sobiyet, jirgi guda masana'anta ce sukutum, a kama kifi a cikinsa a gyara a daskarar a cikinsa, ya yi watanni bai ga tudu ba. A 1968 kaɗai an kwashi wajen tan 810,000 na kod ɗin arewa. Daga nan kamu ya fara faɗuwa. A 1977 Kanada ta faɗaɗa iyakar ruwanta zuwa mil 200 ta kori baƙi, kowa yace alhamdulillahi kifi zai huta, amma ina, sai ita ma ta gina nata manyan jiragen ta ɗora daga inda baƙin suka tsaya. Masu ƙananan jirage na bakin gaɓa sun yi ta kuka a shekarun 1980 suna cewa kifi yana raguwa kuma wanda ake kamawa ƙanana ne, ba'a saurare su ba saboda manyan jirage suna dawowa cike, alhali dalilin cikar shine suna da na'urar da ke gano inda ragowar kifin ya taru su je su kwashe shi gaba ɗaya. Kinga lissafin ofis yana nuna komai lafiya, ruwa kuma yana zama fanko.

A watan Yulin 1992 ministan kamun kifi John Crosbie ya sanar da rufe kamun, aka ce na shekara biyu ne. Mutum wajen 30,000 suka rasa sana'a lokaci guda. Shekara biyun nan sai da ta zama 32, don sai a 2024 aka sake buɗe kamun kasuwanci, shi ma da tan 18,000 kacal, ki gwada da 810,000 ɗin can.

Amma ga ɗaya ɓangaren don kar ki karaya. Kifin herin na Tekun Arewa a Turai shi ma ya durƙushe, aka rufe kamun sa a 1977, zuwa farkon shekarun 1980 ya farfaɗo har aka sake buɗewa, don shi kifi ne mai saurin girma da saurin haihuwa. Haka babban tuna mai shuɗin ƙaya na gabashin Atlantika, wanda a tsakiyar shekarun 2000 kowa ya fidda rai da shi, hukumar ICCAT mai kula da kamun tuna a Atlantika ta rage kason da aka yarda a kama zuwa ƙasa da tan 13,000 a 2011, aka hana kama ƙanana, aka taƙaita kwanakin kamu, aka sa masu sa ido a jirage, yanzu ya dawo har kason ya haura tan 40,000 a 2023. Toh kinga magani yana aiki in an sha shi da wuri kuma an sha da gaske.

Dan_Bahari:
Gaskiya Baban Sadiq ya faɗi. Abin da zan ƙara kawai, mutane basa gane cewa babbar uwar kifi ba daidai take da ƙanana guda biyu ba. Tsohuwar mace mai girma tana zuba ƙwai ninkin-ba-ninkin na matashiya, kuma ita raga take fara ɗaukewa. In aka kwashe manyan sai a bar ruwa da yara masu haihuwa kaɗan. Akwai ma kifayen can ƙasan teku masu zurfi da suke haura shekara ɗari a raye, basa fara haihuwa sai sun kai ashirin ko talatin, irin waɗannan in ka kwashe su kai dai ba zaka ga dawowar su da idonka ba. Ga kuma tarun da ake ja a ƙasan teku da ƙarafa masu nauyi, yana kankare murjani da ciyayin da 'ya'yan kifi ke ɓuya a ciki, ko an daina kamun ina zasu girma?

Injiniya_Mk:
Ni a ganina ana wahalar da kai ne. Duniya ta wuce zamanin farautar kifi, kiwo za'a koma. Yanzu haka fiye da rabin abin da mutane ke ci na ruwa daga gonakin kifi yake fitowa, a ƙara zuba jari a nan kawai tekun zai huta da kansa ba sai an yi ta rigima da jirage ba.

Malama_Zee:
Injiniya ka yi haƙuri amma a nan ban yarda da kai ba, kuma wannan ne ɓangaren da yafi ƙona min rai a duk maganar. Kifin da ake kiwo me yake ci? Irin su salmon da jatan lande ana haɗa abincin su da garin kifi da man kifi, garin nan kuma daga ƙananan kifin teku ake yin sa, irin su sadin da ancobi, sai an niƙa wajen kilo huɗu zuwa biyar na ɗanyen kifi kafin a samu kilo ɗaya na gari. Ka duba gaɓar Muritaniya musamman Nuwadibu, da Senegal da Gambiya, masana'antun garin kifi sun cika wajen, ƙungiyar Greenpeace ta ƙiyasta a 2021 cewa sama da tan rabin miliyan ake kwashewa duk shekara daga yankin ana niƙawa ana fita da shi Turai da Asiya. Kifi lafiyayye wanda mutum zai ci, wanda mata dubbai ke rayuwa da busar da shi da sayar da shi, shi ake mayarwa abincin wani kifin da na aladu da kaji a wata nahiya. Wannan ba hutar da teku bane, sauya wa kwasar suna ne kawai.

Kuma ƙananan kifin nan su ne abincin manyan kifi da tsuntsayen teku da dabbobin ruwa, in suka faɗi komai na sama da su sai ya girgiza. Peru ta gani da idonta, a 1970 ta kama wajen tan miliyan 12 na ancobi kusan duk don yin gari, a 1972 ɗumamar ruwa ta El Nino ta zo ta tarar da kifin an riga an gajiyar da shi, sana'ar ta rushe gaba ɗaya sai da ta ɗau shekaru masu yawa kafin ta miƙe.

Ban ce kiwo haramun bane, kiwon kifin da ke cin tsiro kamar karfasa da kifin da ake kira kaf, ko kiwon kawa da ba'a ma ciyar da ita, wannan taimako ne na gaske. Amma a ce a bar jirage su yi yadda suke so don akwai kiwo, a'a wallahi.

Injiniya_Mk:
Na ji Malama, batun garin kifin yana da ƙarfi. Amma har yanzu ba wanda ya amsa wa Hajiya tambaya ta biyu, wa zai hana su? Ni shiyasa nake ganin dokokin nan a takarda suke ƙarewa.

Baban_Sadiq:
Toh bari in taɓa ta biyun, don teku yana da iyaka ko da ba'a ganin ta. Yarjejeniyar dokar teku ta 1982 ta ba kowace ƙasa mai gaɓa ikon arzikin ruwan da ke cikin mil 200 daga gaɓar ta, kuma mafi yawan kifin da ake kamawa a duniya a cikin wannan yankin ake kama shi. Ma'ana mai hanawa na farko gwamnatin ƙasar ce, ita ke bada lasisi, ita ke cewa tan nawa za'a kama. Bayan mil 200 sai tsakiyar teku wanda ya kai wajen kashi biyu cikin uku na tekun duniya, nan kuma hukumomin yanki ne da ƙasashe suka haɗu suka kafa, sannan kowane jirgi yana ƙarƙashin dokar ƙasar da ya ɗaga tutar ta. Anan ɓarakar take, mai jirgi yana zaune a wata ƙasa, ya sayi tutar wata ƙasar da bata damu da bincike ba, ya ɗebo ma'aikata daga ta uku, ya sauke kifi a ta huɗu, in an matsa masa ya canza wa jirgin suna da tuta ya ci gaba.

Amma ni abin da nake so a riƙe shine kuɗi. Jirgi ya bar Asiya ko Turai ya tafi ɗaya gefen duniya ya yi watanni, man da yake sha kaɗai ya isa ya cinye ribar, toh me ke riƙe da shi? Tallafin gwamnati. Binciken da Farfesa Rashid Sumaila na Jami'ar British Columbia ya jagoranta ya nuna a 2018 gwamnatoci sun kashe wajen dala biliyan 35 a tallafin kamun kifi, kuma wajen biliyan 22 a ciki irin tallafin da ke ƙara wa jirage ƙarfin kwasa ne, rangwamen mai, kuɗin gina sabbin jirage da makamantan su. Sin da Tarayyar Turai da Amurka da Koriya ta Kudu da Japan su ne kan gaba wajen bayarwa. A ƙa'ida in kifi ya ragu ya kamata sana'ar ta daina biya jirage su ragu da kansu, amma tallafi yana toshe asarar, sai jirgin ya ci gaba da bin ragowar. Wani binciken na 2018 ma cewa ya yi fiye da rabin wuraren da ake kamu a tsakiyar teku ba zasu bada riba ba in aka cire tallafi. Kinga ba sai an tura sojan ruwa ba, a rufe famfon kuɗin kawai jirage da yawa zasu koma gida.

An ɗan fara. Bayan sama da shekara ashirin ana ja-in-ja, ƙungiyar cinikayya ta duniya WTO ƙarƙashin Ngozi Okonjo-Iweala ta cimma yarjejeniya a Jeniba a watan Yunin 2022, ta fara aiki a Satumban 2025. Ta hana ba da tallafi ga masu kamun sata, da masu kamun kifin da aka tabbatar ya riga ya durƙushe, da kamu a tsakiyar tekun da babu hukumar da ke kula da shi. Sai dai babban ƙashin, wato tallafin mai da na yawan jirage, an bar shi sai zagaye na biyu kuma har yanzu ana ta jan ƙafa. A nan ya kamata a matsa lamba.

Dan_Bahari:
Game da sa ido ma abubuwa sun canza Injiniya, ba kamar da bane. Manyan jirage suna ɗauke da na'urar AIS mai nuna inda suke, Global Fishing Watch tana tattara bayanan ta tauraron ɗan adam ta sa a intanet kyauta kowa ya gani. Eh ɓarayi suna kashe na'urar in zasu shiga inda aka hana, amma kashewar ma alama ce, kuma akwai hoton tauraro da ke ganin jirgi ko ya kashe. Sannan akwai yarjejeniyar tashoshin ruwa ta FAO da ta fara aiki a 2016, ƙasa tana da ikon hana jirgin da ake zargi shiga tashar ta ko sauke kifi, don komai daɗewar jirgi a teku dole wata rana ya nemi inda zai sayar.

In da niyya ana iyawa. Indonesiya lokacin minista Susi Pudjiastuti daga 2014 zuwa 2019 ta nutsar da ɗaruruwan jiragen sata da ta kama, baƙin jirage suka ja baya sosai. Akwai kuma jirgin Thunder da ya shahara da satar kifi a tekun kudu na wajen Antatika, jiragen ƙungiyar Sea Shepherd suka bi shi kwana 110 har ya nutse kusa da Sao Tome a Afrilun 2015, kyaftin ɗin ya ƙare a kotu. Amma wanda yafi burge ni shine ƙananan ƙasashen tsibiran Fasifik guda takwas irin su Kiribati da Nauru da Tuvalu da Papuwa Niyu Gini, da can kowacce ana yi mata wayo ita kaɗai, sai suka haɗa kai suka ƙayyade adadin kwanakin da za'a yi kamun tuna a ruwan su duk shekara, mai jirgi ya sayi kwana, kuma dole ya ɗau mai sa ido a jirgin. Kuɗin da suke samu ya tashi daga wajen dala miliyan 60 a 2010 zuwa kusan miliyan 500 a shekara, tunan yankin kuma yana cikin masu lafiya a duniya. Ba su da rundunar ruwa ta a zo a gani, haɗin kai ne da tsayawa kan magana ɗaya.

Malama_Zee:
Sai dai a kula, ba duk ɓarnar ce sata ba, da yawa da lasisi a hannu ake yin ta. Kod ɗin Kanada ai ba ɓarayi suka ƙarar da shi ba. Masana su ce a kama kaza, 'yan siyasa su ƙara a kai don kar kamfanoni su yi fushi, ko a sa hannu kan yarjejeniya da baƙin jirage a ɓoye ba wanda ya san jirgi nawa aka ba izini. A Ghana an yi abin da suke kira saiko, manyan jiragen da aka ba lasisin kamun kifin ƙasan teku su koma kwasar ƙananan kifin da masu kwale-kwale suka dogara da shi, har da 'ya'yan da basu isa kamu ba, su daskarar su sayar a tsakiyar ruwa, ƙungiyar kare muhalli ta EJF ta ƙiyasta wajen tan 100,000 aka yi cinikin sa ta wannan hanyar a 2017 kaɗai. Shiyasa ni buƙatata ta farko mai sauƙi ce, kowace ƙasa ta wallafa sunayen jiragen da ta ba lasisi da ainihin masu su da abin da suka biya.

Ummu_Hafsa:
Allah ya saka da alheri, na ƙaru ƙwarai. Baban Sadiq saura abu ɗaya da ya tsaya min, mutum 30,000 ɗin nan da kace sun rasa sana'a. In rufewa ce maganin, masu ƙananan kwale-kwale da ba su suka yi ɓarnar ba ya za'a yi da su? Kar a ce a ceci kifi a bar mutane da yunwa.

Baban_Sadiq:
Hajiya wannan tambayar ita ce ke raba tsarin da zai ɗore da wanda zai rushe. A Kanada gwamnati ta biya diyya, shirin da ta fito da shi a 1994 kaɗai ya ci dalar Kanada biliyan 1.9, amma duk da haka garuruwan gaɓa da yawa sun zama kufai, jama'ar lardin Niyufandland ta ragu da wajen kashi goma cikin ɗari a shekaru goman da suka biyo baya. Ƙasa mai arziki kenan, ina ga wadda bata da abin biya. Shiyasa ba'a so a kai ga rufewar gaba ɗaya, ragewa ake yi tun da wuri, kuma ragin ya fara daga kan wanda yafi kwasa. A ware ruwan kusa da gaɓa ga masu ƙananan jirage kaɗai a kuma tsare shi da gaske, a hana raga mai ƙananan ido, a rufe lokacin zuba ƙwai, in za'a rufe wa mai kwale-kwale wata ɗaya toh babban jirgi ya zauna fiye da haka, kuma kuɗin tallafin man da ake ba kamfanoni a juya shi ya riƙe iyalan masunta a watan da basa fita.

Kuma inda masunta da kansu suka riƙe abin yafi tafiya. A Cabo Pulmo ta Mekziko mutanen ƙauyen ne suka nemi a rufe ruwan su da suka ga kifi ya ƙare, aka mayar da wajen yankin kariya a 1995, su suka yi gadin sa, tsakanin 1999 da 2009 nauyin kifin da ke wajen ya ninka fiye da sau biyar, manyan kifaye suka dawo, kifin da ya yi yawa a ciki kuma yana fantsama waje inda aka yarda a kama. Ƙasashen duniya sun yi alkawari a Montreal a Disambar 2022 cewa zasu kare kashi 30 cikin ɗari na teku kafin 2030, yarjejeniyar tsakiyar teku ta 2023 ma ta samu amincewar ƙasashe 60 a Satumban 2025 wanda zai bada damar kafa irin yankunan nan bayan mil 200. Amma a 2024 wajen kashi 8 ne ke da sunan kariya, wanda aka hana kamu a cikinsa da gaske bai kai kashi 3 ba, a Turai ma akwai yankunan kariya da yawa da har yau ake jan taru a ƙasan su. In kika ji wata ƙasa ta sanar da sabon yanki, ki fara tambaya an hana manyan jirage shiga ko ba'a hana ba, wa ke sintiri, kuma an zauna da masuntan wajen kafin a ja layin.